Akwatin shawara a cikin manhajar aiki: duba lissafin kafin ka danna maɓalli

A ofisoshi da yawa, shawara mai kyau tana zuwa ne a saƙon murya na WhatsApp da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mutum biyu su ɗaga mata babban yatsa, bayan kwana uku ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Wannan ne ke sa masu aiki da manhajojin tsara ayyukan ofis irin Jira da Trello neman ɗan ƙarin da za a maƙala musu, ya tara shawarwari wuri ɗaya, a auna su, wadda ta yi nauyi ta zama aiki mai ranar farawa da wanda zai ɗauke ta. Irin waɗannan ƙarin sun cika kasuwa. Abin da ya fi raba su, a gani na, shi ne kan mutum nawa za a caje ka, da kuma inda bayananku za su kwana.

Mu fara da mafi sauƙi. In ƙungiyarku tana kan Trello, inda ake jera kowane aiki a matsayin kati a kan allo, akwai ƙarin kaɗa ƙuri'a da Trello ɗin da kansa ya yi, ana kunna shi daga jerin Power-Ups na allon (sunan da Trello ke kiran irin waɗannan ƙarin), cikin minti biyu an gama. Tun 2021 ko tsarin kyauta ba shi da iyaka kan yawan Power-Ups da za ka kunna. Kowane allo kuma yana da adireshin imel nasa, duk wasiƙar da aka tura can sai ta zama kati, don haka ma'aikacin da ke can fili, a Dutse ko Gusau, zai iya turo shawara ba tare da ya buɗe manhajar ba. Raunin shi ne ƙuri'a kaɗai ba ta gaya maka nawa abu zai ci ko mutum nawa zai amfana. Guraben da za ka rubuta irin waɗannan alƙaluma a jikin kati suna cikin tsarin biya, kuma na kyauta ya tsaya kan allo goma. Ga ofis mai mutum bakwai ko takwas, wannan ya wadatar, kuma ba zan ba su shawarar wuce nan ba.

Masu Jira su ne ke da zaɓi biyu, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. Kamfanin Atlassian na Ostareliya, mai Jira, wanda ya sayi Trello a 2017 kan dala miliyan 425, ya fitar da Jira Product Discovery ga kowa a 2023. An gina shi ne musamman don tace shawarwari. Kowace shawara tana da gurabe da kai za ka tsara, ana jingina mata hujjoji kamar ƙorafin kwastoma ko hoton allo, akwai jadawalin da ke jera shawarwari bisa amfani da wahala, sannan wadda aka amince da ita a ɗaure ta da ainihin aikin a Jira, kana ganin yadda yake tafiya. Ana biya ne kan masu tsarawa da tacewa kawai. In masu tsarawar ba su wuce uku ba kyauta ne, kuma lokacin da ya fito farashin dala goma ne a wata kan kowane mai tsarawa. Masu kawo shawara da yin tsokaci ba a biya musu. Sai dai a intanet kaɗai yake aiki, a kwamfutocin kamfanin, ba za ka girka shi a injin ofishinku ba.

Zaɓi na biyu shi ne ka shiga Atlassian Marketplace ka ɗauko ƙarin da wani kamfani daban ya rubuta. Wasu suna da kyau ƙwarai. Amma ka lura da ƙa'idar kasuwar: lasisin ƙari yana bin adadin duk masu amfani da Jira ɗinku ne. A ce ku sittin ne, biyar kaɗai za su riƙa buɗe akwatin shawarar, kuɗin mutum sittin za ka biya. Farashin da ke jikin tallan yana kama da kuɗin shayi, sai an ninka ka ga kuɗin rago. Akwai gwajin kwana talatin kyauta, ka yi amfani da shi, ka kuma rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ka gani. Ka duba a shafin ƙarin ko an gina shi a kan Forge, wato yana gudana a cikin gidan Atlassian, ko kuwa yana kwasar bayanai zuwa kwamfutocin mai shi. In shawarwarin suna ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai ƙasar waje.

Akwai kuma irin su Aha!, Productboard da Canny, manhajoji masu zaman kansu da ake haɗawa da Jira. Sun dace da kamfanin da ke karɓar shawara daga dubban kwastomomi. In ba haka kake ba, wuce.

Wanda ba ya son biyan dala ko kaɗan zai leƙa Redmine, da ke nan tun 2006, ko OpenProject na Jamus, duka manhajojin tsara aiki ne irin Jira da ake iya girkawa kyauta a injin ofis. Saka ƙari a Redmine aikin hannu ne: a kwafa shi cikin jakar da aka ware wa ƙari, a gudanar da umarnin da ke gyara rumbun bayanai, a sake tayar da manhajar. Dole ƙarin ya dace da sigar Redmine ɗin da kuke kai, kuma dole a ajiye kwafin rumbun kafin a taɓa komai. Kyauta ne a takarda, amma sai da mutumin da ya iya, da wuta ko sola da za ta riƙe injin. Ranar da yaron ya samu aiki a Abuja, wa zai gaje shi?

Maganar dala kuwa kowa ya ɗanɗana. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,500. Kasafin shekara da aka yi da naira kan lasisin da ake biya da dala yana iya karyewa a tsakiyar hanya, don haka ka bar sarari, ka kuma tabbatar katin da za ku biya da shi yana wucewa a waje.

Ko wanne ka zaɓa, saitin ne ke raya shi ko ya kashe shi. Na taɓa kunna ƙuri'a a wani ofis na bar ta a buɗe, kowa na ganin wanda ya zaɓi me. Oga ya shigo da safe ya danna wa shawara guda. Kafin azahar ta tashi da ƙuri'a goma sha ɗaya cikin goma sha uku. Wata ma'aikaciya ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ai ka san ba za mu saɓa wa Yallaɓai a rubuce ba." Tata shawarar, wadda ta fi kowace sauƙin aiwatarwa, ƙuri'a ɗaya ta samu, ita ma tata ce. Daga nan muka roƙi Oga ya riƙa zama na ƙarshe, muka rage fom ɗin daga tambaya tara zuwa uku: mece ce matsalar, wa take damu, me kake ganin za a yi. Muka kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin buɗe akwatin duk ranar Litinin, ya ba kowace shawara amsa, ko da "ba bana ba" ce. Saƙonnin muryar dare ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu shi yake saurara da safe ya mayar da su kati.