Sandunan tafiya na alminiyam, yadda na same su a wajen ƙetare rafi

Jama'a na daɗe ina so in yi bayani a kan sandunan nan guda biyu da na saya, irin masu zugewa da ake tsawaitawa a rage. Yanzu na yi doguwar tafiyar daji da su, na ƙetare rafi ya kai shida, dan haka na san abin da zan faɗa.

Gaskiya a cikin ruwa na ga amfaninsu sosai. Da ƙafa biyu in ka ɗaga ɗaya saura ɗaya ke riƙe da kai, ga jaka a baya, ga santsin gansakuka. Amma da su kullum abu uku na dafe da ƙasa kana matsar da na huɗu. Ina fuskantar inda ruwan ke fitowa, in kafa su a gabana, in ɗan duƙa, in riƙa jan ƙafa gefe-gefe ba tare da na harɗe su ba, kuma ina bin gangare kaɗan kaɗan maimakon in ce sai na yanka a miƙe. Da su nake laluben ƙasa kafin in taka, sau biyu sanda ta nutse a ramin da ido bai gani ba, wallahi da ƙafata ce ta fara zuwa da labari ya sha bamban.

Tsinin ƙarfen yana kama dutse da kyau, amma fa sai ka cire robar da ke bakin, da ita zamewa kawai yake. Ɗan faifan da ke ƙasa shi ma a cire, ruwa na jan sa. Kuma ku zare hannu daga igiyar riƙon kafin ku shiga, haka bel ɗin jaka na ƙugu da na ƙirji a kwance su, in mutum ya faɗi ya samu ya yar da komai.

Inda suka ɓata min rai shi ne makullin da ke riƙe sandar in an tsawaita ta. A rafi na uku ruwa ya kai min gwiwa, na jingina nauyina sai ɗaya ta zuge ciki lokaci guda, saura ƙiris in kifa. Ashe ɗan notin makullin ne ya saki, ba kuma wanda ya faɗa a takardar da ta zo da su cewa a riƙa ɗaure shi. Tun daga nan sai na danna kowacce da ƙarfi a tudu kafin in shiga. Abu na biyu, siraran ne, in ruwa na gudu sosai sai ka ji suna karkarwa a hannu, da kyar kake kafa su inda kake so. Duk da haka gara alminiyam ɗin, shi lanƙwasa yake yi, sandunan kabon kuwa, wato waɗanda ba na ƙarfe ba, karyewa.

Akwai rafin da ban shiga ba sam duk da ina riƙe da su. An yi ruwa da daddare, rafin ya yi jajir, na jefa ɗan kara na bi shi da tafiya a gaɓa ya wuce ni, ga wata bishiya ta faɗi a ƙasa kaɗan wadda in ruwa ya tafi da mutum can zai maƙale. Ruwa mai gudu ko santimita 15 ne yana iya kada babban mutum, balle wannan. Na kwana a nan, da safe ya ja baya, na hau sama na samu wuri mai faɗi inda ruwan ya baje bai wuce ƙwauri ba, na ƙetare da takalmina a ƙafa.

Zan sake sayen irinsu, amma masu kauri, kuma zan duba makullin tun kafin in biya.