MPLS ko SD-WAN: Wanne Ya Dace da Kamfani Mai Rassa?

MPLS layi ne na haɗa rassan kamfani da ake haya daga kamfanin sadarwa, keɓaɓɓe, ba cunkoso, ingancinsa a rubuce cikin yarjejeniya. Sai dai akwai tsada, kuma sabon reshe a Gusau kan yi makonni yana jiran a ja masa layi.

A SD-WAN kuwa manhaja ce ke jan ragama. Ƙaramin akwati a kowane reshe yana haɗa fiba (kebul ɗin intanet mai sauri) da 4G, har da Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam. In masu aikin titi suka datse fiba, abin da ba baƙo ba ne a nan, nan take ya koma 4G, mai karɓar kuɗi ma bai ankara ba. Amma SD-WAN ta intanet yake bi, intanet kuwa kasuwa ce, dole a tsaurara tsaro.

Ni dai, in aikinku ya rataya kan Microsoft 365, wato manhajojin ofis da ake shiga ta intanet, SD-WAN zan ɗauka.