Mai son ganin tabon tauraro a Jos, me ya kamata ya saya?

Wani ƙanena ɗan Jami'ar Jos ya dame ni wai teliskof yake so wanda zai ga baƙin tabo a jikin jariran taurarin nan da ake kira T Tauri, har ya fara tara kuɗi. Na ce masa malam dakata tukuna. Waɗancan fa suna wajen shekarar haske 450 daga nan, wato haskensu sai ya yi kusan shekara 450 yana tafiya kafin ya iso mu, ko a manyan na'urori kamar ɗigo suke fitowa. Masana ma ba hoto suke ɗauka ba, hasken tauraron suke rarrabewa dare bayan dare yana juyawa, su duba yadda maganaɗisu ya taɓa hasken, sai kwamfuta ta zana taswirar. Aikin da wata na'urar rarrabe haske mai suna ESPaDOnS ke yi kenan a teliskof mai faɗin mita 3.6 can dutsen Mauna Kea a Hawayi. Wannan ba kayan kasuwar Taminus ba ne.

Tauraron da kuɗin aljihunka zai nuna maka tabonsa guda ɗaya ne, rana. Kuma dalilin tabon ɗaya ne da na waɗancan taurari, maganaɗisu mai ƙarfi ke danne zafin da ke tasowa daga ciki sai wurin ya yi duhu, tun 1908 masanin taurari George Hale ya auna maganaɗisun da ke cikin tabon rana.

Mafi araha tabarau ɗin kallon husufi, ka tabbata akwai lambar inganci ISO 12312-2 a jiki, amma sai tabo ya yi girma sosai za ka gan shi. Ni abin da nake ba mutane shawara shi ne ƙaramin teliskof mai milimita 70 ko 80, ka haɗa da filtar rage hasken rana ta Baader AstroSolar da ake rufawa a GABAN bututun, da wannan za ka ga tabon da inuwar da ta kewaye shi, ka riƙa zana su kullum ka ga suna matsawa saboda rana na juyawa wajen kwana 27, da dare kuma ka cire filta ka kalli wata, riba biyu. Ƙaramar filtar nan da ake ɗaurawa a wajen sa ido kuwa, in ta zo a kwali ka jefar, zafi na fasa ta, ido kuma ba shi da safaya.

In akwai kuɗi, teliskof mai kyamara Seestar S50 na zuwa da filtarsa, hoto kai tsaye a waya, ya fito a kusan dala 500 banda kuɗin kawowa da kwastan. Daɗi gare shi amma allo kake kallo, ba sama ba. Teliskof ɗin kallon rana irin su Coronado PST da Lunt su ke nuna harsunan wuta a gefen rana, sai dai tsada, kuma da dare ba su da wani amfani.

Kar ka yi oda ana tsakiyar damina, hadarin Jos zai sa ka ajiye shi ƙarƙashin gado. Ka auna ya iso ƙarshen Oktoba kafin hazo ya yi kauri, kuma hazon nan ba filta ba ne, ko rana ta yi fari kamar wata kar ka leƙa ba kariya.