Saawariya ko Parineeta: ga wanda za ka sa datarka a kai

Malam, tsakanin fina-finan Indiyan nan Saawariya da Parineeta da ka tambaya, ɗauki Parineeta kawai. Duka biyun daga tsofaffin littattafai aka ɗauko su, duka biyun kuma da sababbin fuskoki aka yi su, amma kama da wane ba ta wane.

Parineeta na 2005 ne, Pradeep Sarkar ya ba da umarni. Labarin daga littafin Sarat Chandra Chattopadhyay na 1914 ne, sai dai sun dawo da shi Kalkata ta 1962. Shi ne fim ɗin Hindi na farko da Vidya Balan ta fito a ciki, a matsayin Lalita, marainiyar da kawunta ke riƙo. Saif Ali Khan ne Shekhar, ɗan attajirin maƙwabcinsu. Uban nasa ya ba kawun bashi, alhali gidan mutumin yake hari ya mayar da shi otal. Da Sanjay Dutt ya shigo ya taimaka aka biya bashin, sai attajirin ya sa aka gina katanga tsakanin gidajen biyu.

Faifan nan har yau yana cikin durowata. Ranar da na fara sa shi, Innarmu tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya. Da aka zo wurin ginin katangar sai ta ajiye tiren, ta ce, "Wannan mutumin ba ya tsoron haƙƙin maƙwabtaka." Daga nan ba ta sake taɓa shinkafar ba sai da Shekhar ya fasa katangar a ƙarshe. Ba wanda ya fassara mata komai, a fuskar Vidya ta karanta labarin. Yarinyar ba ta ihu, ba ta birgima, ido kawai za ta sunkuyar ka ji zuciyarka ta karye. Ba mamaki da ta ci kyautar Filmfare ta sabuwar jaruma.

Saawariya kuwa na saya na yi da-na-sani. Sanjay Leela Bhansali ne ya yi shi a 2007, daga White Nights, gajeren labarin Dostoevsky na 1848. Labarin ɗan ƙarami ne: saurayi mai fama da kaɗaici ya haɗu da budurwa mai jiran wani, dare huɗu, shi ke nan. Bhansali ya ja shi fiye da awa biyu, ya gina masa wani gari na situdiyo wanda babu rana a cikinsa, komai shuɗi, ga gada ga kwalekwale ga fitilu. Ado ya danne labari. Sonam Kapoor na tsaye kan gada da baƙar laima tana jiran masoyinta ya dawo ranar Sallah, kai kuma kana jiran wani abu ya faru. Rana ɗaya aka sake shi da Om Shanti Om, can jama'a suka tafi.

Abu ɗaya ne ba zan ci haƙƙinsa ba: Ranbir Kapoor. Fitowarsa ta farko ke nan, jikan Raj Kapoor, ɗan Rishi Kapoor. An sa shi kwaikwayon kakansa har ya yi yawa, amma duk da haka ka duba shi a ƙarshe, lokacin da Sakina, wato Sonam Kapoor, ta bar shi ta bi wanda take jira. Yana murmushi ido na kawo ruwa. A nan na san yaron zai yi nisa, ya kuma ci kyautar sabon jarumi ta Filmfare da wannan fim ɗin. In shi kake son gani, nemi Rockstar na 2011 ko Barfi! na 2012.

Sannan ka yi hattara da wasu masu sayar da faifai da masu tura fim a waya. Ni hoton Salman Khan aka cika bangon faifan da shi, mai shagon ya rantse mini fim ɗinsa ne. Yana ciki da gaske, shi ne Imaan ɗin da ake jira, amma 'yan mintuna kawai yake fitowa. Wasu kuma za su tura maka wanda aka yanke ƙarshensa, ko murya daban baki daban. Kafin ka biya, ka sa a buɗe maka a gabanka, ka ja shi har ƙarshe ka ga sunaye na hawa.

Parineeta akwai wuri ɗaya ko biyu da ba na yara ba, ka bari sai sun yi barci.