Yadda ake sake shata iyakar tsoffin unguwanni a Ingila

Jama'ar Kaduna, assalamu alaikum. A gida gini ɗaya muka saba karewa, irin su Gidan Arewa ko gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. A nan Ingila unguwa ɗungurungum ake killacewa, har da katangu da itatuwanta. An kafa dokar kare tsoffin unguwanni a 1967, aka fara da garin Stamford, yanzu irin waɗannan unguwanni sun kai kusan 10,000. Dokar 1990 kuma ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta riƙa sake duba iyakarsu lokaci-lokaci.

Jami'i ne ke bin tituna a ƙafa da tsohuwar taswira a hannu, yana rubuta shekarun kowane gini, irin bulonsa, rufinsa da tagoginsa. Sai a fitar da sabuwar taswira, mazauna su faɗi ra'ayinsu, kansiloli su amince, a buga sanarwa a jaridar gwamnati ta London Gazette da jaridar garin. Ana kuma sa sabuwar iyakar a rajistar filaye, don lauyan mai sayen gida ya gani tun kafin a biya kuɗi.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin jan layin. Yawancin tsoffin iyakokin da alƙalami mai kauri aka zana su a takarda, da aka mayar da su kwamfuta sai ga layi ya ratsa tsakiyar gida ko lambu. Shi ya sa yanzu ake bin iyakar fuloti ko katanga. Idan kuma layin ya bi tsakiyar titi, gefe ɗaya na kiyaye fasali, ɗayan na ta da benen da zai rufe shi. Cirewa ma ana yi: titin da aka cike da tagogin roba, asalinsa ya ɓace, fitar da shi ake yi. Ni a ganina wannan daidai ne.

Shiga cikin iyakar na da nauyi a aljihu. Ba a rushe ginin da ya wuce mita kubik 115, ko katangar bakin titi da ta haura mita 1, sai da izini. Itacen da kaurin gindinsa ya wuce milimita 75 sai an ba hukuma sanarwar mako 6 kafin a sare shi. A wasu layukan ko taga ba ka canzawa sai da izini, kuma ta katako ta fi ta roba tsada nesa ba kusa ba. Tsohon bulo da farar ƙasa ake gyara shi, domin siminti na riƙe damshi har bulon ya fara marmashewa.

Unguwar Rimi da tsoffin gidajen ma'aikatan reluwe suna bukatar irin wannan layi, tun kafin a gama yanyanka manyan fulotai da sare itatuwan da suka daɗe suna ba mu inuwa. KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, na da taswirar fulotai a kwamfuta, a kanta za a fara zana shi.