Kwamfreso mai tanki ko mara tanki, wanne zan saya?

Masu fentin ƙananan jirage da motocin roba sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda abin yake. Kwamfreso dai shi ne injin da ke tura iska zuwa ƙaramar bindigar fesa fenti (airbrush).

Mara tanki irin AS18 ya fi araha kuma ba nauyi, amma muddin kana fesawa inji na aiki, yana zafi yana ƙara, iskar kuma tana zuwa da ɗan bugu-bugu, idan kana jan siririn layi da bindiga mai bakin 0.3mm sai ka ga layin yana rawa. Mai tanki kamar AS186 yana da lita 3, ya cika ya kashe kansa, iska ta fito sumul a PSI (ma'aunin ƙarfin iska) 15 zuwa 20 ɗin da ake so, injin ma ya huta ya daɗe. Matsalarsa ruwa na taruwa a tankin, musamman da damina, in ba ka kwance ƙasan kana zubarwa ba tsatsa ce. Kuma don Allah duba injin na wutar 220V ne, na Amurka 110V suke zuwa.

Mai fentin share fage da kala ɗaya jefi-jefi, mara tanki ya ishe shi. Wanda zai zauna awanni yana zanen kakin soja a jikin jirgi, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai tanki.