Fluke 820-2: fitilar auna gudun inji ba tare da an kashe shi ba

Wannan fitila ta hannu aikinta walƙiya, daga sau 30 zuwa sau 300,000 a minti ɗaya. Idan yawan walƙiyar ya zo daidai da yawan juyin fanka ko fuli, ido zai ga abin kamar ya tsaya cak, lambar da ke allon fitilar kuwa ita ce gudunsa. Ƙwayayen LED bakwai gare ta, don haka babu zancen sauya kwalbar zenon da ke ƙonewa a tsofaffin fitilu. Jikinta na da kariyar IP65, ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, abin da mai aiki a injin casar shinkafa zai yaba.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne karatun. A kashe injin tukuna, a zana layi ɗaya tak da alli a fuskar fulin, wato gargaren da bel ke zagayawa a kai, sannan a sake kunna shi. Kada a dogara da fikafikan fanka ko kawunan kusoshi, domin kamanninsu ɗaya, za su nuna sun tsaya a gudun da ba shi ba ne. A duba farantin bayanai da ke jikin moton lantarkin: a wutarmu mai hat 50 (hertz, yawan kai-da-komon wuta a daƙiƙa), moto mai fol huɗu (kawunan maganaɗisu huɗu a cikinsa) ba ya kai 1,500 a minti idan yana ɗauke da kaya, yawanci wajen 1,450 yake. A saita walƙiyar fitilar sama da haka sosai, a riƙa saukowa. A 2,900 layin zai fito biyu suna fuskantar juna. Wurin farko da ya koma ɗaya, shi ne gudun gaskiya. Wanda ya taso daga ƙasa zai tarar da layi ɗaya a 725 ma, ya rubuta rabin gudu bai sani ba. Maɓallan ninkawa da rabawa biyu su ne abin da na fi yaba wa a fitilar nan: danna ninki, in daga sama ka sauko kuma layi ya zama biyu, karatunka daidai ne, in yana nan ɗaya to kana ƙasa.

Da wannan ake kama bel mai zamewa. Fuli mai faɗin milimita 200 a gudun 1,450 da ke jan mai 400 ya kamata ya ba da 725. In an ga 690, bel ya saki ko ya cinye. Haka janareta mai fol huɗu: in ya sauka zuwa 1,440, hat 48 yake bayarwa.

Batir uku ƙirar AA take ci, kuma nan ne rauninta. Walƙiya na zuƙar wuta da ƙarfi lokaci guda, batiran nan masu arha na rediyo ba sa jurewa, nan da nan haske ya dushe. A sa batir nau'in alkaline mai kyau ko NiMH na caji, ukun iri ɗaya, kada a haɗa sabo da tsoho. Tsawaita kowace walƙiya na ƙara haske, amma yana shanye batir, hoton kuma ya yi dishi-dishi. A cikin rana tsaka hasken ba ya wadatarwa, sai an matso kusa ko an yi wa wurin inuwa. In za a ajiye ta makonni a cire batiran, don zafi na sa su yoyo su ci ƙarfen mazauninsu.

Abin da ya bayyana a tsaye yana nan yana juyi da cikakken ƙarfinsa. A sanar da duk wanda ke wurin kafin a kunna, a tattare hannun riga, kada a cire murfin kariya don neman gani. Walƙiya 1,500 a minti sau 25 ke nan a daƙiƙa, kuma irin wannan na iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, don haka a nisanta shi daga wurin.